Mai Gadin Zare da Hannun Baba

Injin ba nawa ba ne. Wasu masu furoje ne, ƴan ƙungiyar agaji, suka kawo wa kwalejin da nake koyarwa a Buza, suka ɗauki hoto da shi da mu, suka koma abinsu. Ajin da aka ce a ajiye shi ba wuta, ba ƙofar kirki, don haka darakta ya ce in kai shi inda zai kwana lafiya. Na kai shi shagon ɗinkin Babana, na ture buhun ƙyallaye, na ɗora shi a kan teburin yanka. Aikinsa shi ne ya narka zaren roba, ya riƙa shimfiɗa shi layi bisa layi har abin da ka zana a kwamfuta ya tashi ya zama kaya. Baba ya zagaya shi, ya leƙa ƙasansa, ya ce ashe shi ma tela ne, sai dai malalaci.

A shekarar ne ɓarin jikin Baba na dama ya shanye. Ƙafa ta dawo kaɗan-kaɗan, magana ma ta dawo ko da yake tana jan ƙafa, amma hannun ya ƙi. Muka riƙa zuwa Madawa wurin likitar motsa gaɓoɓi, wata gajeriyar mata mai saurin magana. Ta nuna mini yadda yatsun suka fara lanƙwashewa zuwa cikin tafi. Ta ce dole a samu abin da zai riƙe su a miƙe duk lokacin da yake hutawa, in ba haka ba za su kulle, kuma in suka kulle ba mai buɗe su. Baba bai sa ran komawa kan keken ɗinki ba. Abin da yake roƙo kawai shi ne ya iya riƙe almakashi da allura, ya yi ko da kalmasa ce, kada ya zauna a shagonsa kamar baƙo.

Likitar ta ɗauko ɗan katako da bandeji ta ce a fara da wannan. Baba ya kawar da kai.

"Ni ba ɗan akuya ba na da za a ɗaure ma katako," in ji shi.

Ni ce na buɗe baki na ce injina zai yi masa wanda ya dace da hannunsa, mara nauyi, mai ramukan shan iska. Fuskarsa ta saki nan take. Uwata yake ce mini, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ya ce, "To, wanda Uwata za ta yi shi ni ka sawa." Daga ranar ya rufe zancen katako, kuma duk wanda ya san tsofaffin Adar ya san ba a sake buɗe irin wannan zance.

Na auna hannun, na zana, na kunna inji. Aiki ne na wuni guda, ni kuma ina aji da safe, sai in bar shi yana yi in tafi. A bayan injin akwai wata ƴar na'ura kamar kwalin ashana wadda zaren yake ratsawa kafin ya shiga wuta. Mai gadi nake ce mata. A cikinta akwai ƴar taya. In zare yana tafiya, tayar tana juyawa, inji ya san lafiya lau. In ta daina juyawa, sai ya ɗauka zaren ya ƙare ko ya sarƙe, ya tsaya cak yana kuka. Na dawo daga makaranta na tarar ya tsaya tun hantsi, ga zare cike da ƙullinsa, farantin da yake gini a kai ya huce, abin da aka fara ginawa ya ɓanɓare ya karkace. Na ce tsautsayi ne. Washegari ma haka.

Ba abin da ban yi wa mai gadin nan ba. Na cire wayarsa na mayar. Na ƙara wa ƴar tayar matsi, na rage. Na sa wa zaren alama da biro, na auna da rula ko abin da inji ya ce ya ja shi ne ya ja da gaske. Akwai wurin da ake gaya masa tsawon zaren da zai haƙura ya wuce kafin ya yi ƙara, na yi ta ƙara masa haƙuri har abin ya zama wasa. Da yamma in na gwada, sai ya yi kamar ya shiryu, in kwana da murna. Gari na wayewa ya koma halinsa. Na zage shi da Hausa, na zage shi da Faransanci. Baba yana gefe a kan tabarma yana dariya da rabin baki, yana cewa in bi shi a hankali, inji ma yana da zuciya.

Da na gaji, na kashe mai gadin gaba ɗaya. Ranar aikin ya kai ƙarshe, na ɗauko shi da ɗoki, ina lanƙwasa shi kaɗan ya rabu falle-falle kamar ɓawon albasa. Nan kaina ya ƙara kullewa, don ban ga abin da ya haɗa wannan da wancan ba. Ga zaren yana ta raguwa, wanda na yi saƙo daga Yamai kuma kullum sai direba ya ce yana mota mai zuwa.

Duk yamma ina shafa wa hannun Baba man kaɗe, ina miƙe yatsun ɗaya bayan ɗaya kamar yadda likitar ta koya mini. Da farko suna bin hannuna. Daga baya sai na sa ƙarfi. Na roƙe shi ya yarda da katakon kafin nawa ya fito, ya ce gaggawar me nake yi, ai ya ga na kusa. Tsoro ya fara kama ni, kuma ba ni da wanda zan gaya wa.

Yajin aikin malamai ne ya tona mini asirin. Na je makaranta aka ce mu koma, na iso shago da sauran safiya. Daga bakin ƙofa na hango Baba tsaye, ya jingina ƙugu da tebur, ƴar butar man keke a hannunsa na hagu. Ya riga ya bi kekunansa biyu da ba mai hawa, ya ɗiga wa kowane. Sai ya sunkuya bayan injina, ya lalubi ramin da zare ke shiga mai gadi, ya ɗiga masa a hankali, ya goge bakin butar da gefen rigarsa. Haka yake buɗe shago tun kafin a haife ni. A wurinsa duk abin da ke juyawa yana da haƙƙin mai, kuma wannan ne kaɗai aikin da ya rage hannu ɗaya yana iya yi.

Na koma da baya na tsaya a bayan bango. Komai ya fito mini fili. Man ne yake sa zaren ya zame a kan tayar ba ta juya ba, shi ne kuma yake bin zaren har cikin wuta ya hana layukan kama juna. Da yamma da ya ɗan tsane sai abin ya yi kamar ya gyaru. Makonni ina neman cutar a cikin waya da lissafi, ashe da sassafe take zuwa, a hannun mutumin da ake yi domin shi. Na yi kuka a wurin, kukan takaici, har da na haushinsa.

Ban gaya masa ba. Na kwance mai gadin na wanke da alkol, na yanke zaren da ya jiƙe na yar, na mayar da lissafin yadda yake tun asali. Washegari na riga shi zuwa shago. Da ya nufo da butarsa na ce na riga na sa, ya huta. Na zauna kusa da injin har la'asar ban motsa ba, kuma bai yi tari ko sau ɗaya ba. Abin ya fito sumul, fari, mai ƙwari, daidai da awon da na ɗauka tun farko.

Hannun ne ya riga ya bar wannan awon. Na shafa mai, na ɗumama da ruwa, na ja babban yatsa, na ja manuniya. Baba ya cije leɓe, gumi ya keto masa. Yatsun sun dunƙule sun ƙi ko motsi. Muka koma Madawa. Likitar ta juya hannun, ta juya abin da na ƙera, ta ce aikin ya yi kyau, sannan ta yi ƙasa da murya ta ce da an zo da shi tuntuni. Har yau ina jin ciwon wannan magana, kuma har yau in na tuna safiyoyin da nake tafiya aji in bar shago sai in ce da na makara ko rana ɗaya ce.

A motar dawowa Baba ya lura raina a ɓace yake. Ya ɗora hannun hagunsa a kan gwiwata.

"Uwata, kak ki ga laihin injin ga," ya ce. "Mun yi mai iyakar ƙoƙarinmu. Ni shaida na, ba ranad da yat tashi aiki ba mai."

Na juya fuskata wajen taga. Na ce, "Haka ne, Baba."