Wa Zai Riƙe Rigar Mai Hoto?

Bana shekara arba'in da takwas ke nan da rasuwar Malam. Ban yi karatun boko ba, amma ya rasu ina goyon autata Hajara, ita kuwa shekarunta a rubuce suke. Jikata Safiya ce ke rubuta wannan, ina faɗa tana sawa, na kuma ce kada ta gyara mini magana. Sunansa bakina bai taɓa faɗa ba yana raye, ba kuma yanzu zan fara ba. Safiya ta sani, sai ta rubuta: Malam Sule Mai Hoto, na Toranke. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa.

Duk shekara idan wannan wata ya kama, sadaka nake yi, in shiga ɗaki in yi kukana. Bana na ce a kai maganar jarida domin hankalina ba a kwance yake ba. Ranar Asabar mai zuwa samari za su yi tseren keke a ramin da aka haƙi ƙasar titi a bayan Ajingi. Jikana da aka sa wa sunan Malam, wanda nake kira Maisuna, shi ne zai ɗauke su a waya. Zai durƙusa a gindin tudun da suke tsallakowa, kuma babu kowa a bayansa. Abin da ya sa hakan ya hana ni sukuni shi nake so in faɗa.

An kai ni gidan Malam bayan samun 'yancin kai da shekara biyu ko uku. Manomi ne, ranar kasuwar Gaya kuma yana gyaran rediyo da agogo. Wani malamin gona da aka yi wa canjin wurin aiki ne ya bar masa akwatin ɗaukar hoto, irin wanda ake rataya a wuya, ya tsaya a kan ciki, mutum ya sunkuya ya leƙa ta sama. A lokacin, da an gama kaka an kai amfanin gona rumbu, samarin Toranke da Gafasa da Gaya sai su haɗu su yi tseren keke. Ba a kan hanya mai kyau suke yi ba. Ta burtali suke bi, su faɗa ramukan da ake haƙar ƙasar gini, su hau tudu keken ya tashi sama da su, su je su zagaye wata babbar kuka su dawo.

Ba wanda ya ɗauki Malam aiki. Shi ya ga dama. Ya ɗauka, ya ba direban motar kasuwa fim ɗin ya kai Kano a wanke, bayan mako biyu hotuna su dawo, ya raba wa kowa nasa. Su ma samarin ba su bar shi haka ba. Idan damina ta faɗi, sai su yi masa gayya, su nome gonarsa tas a wuni ɗaya, ni kuma in dama musu fura. Ban taɓa ganin tseren da idona ba, matan aure ba sa fita irin wannan wuri. Ihun nake ji ta bayan danga. Sai hotuna sun dawo ya shimfiɗa su a tabarma yana nuna mini, wannan ɗan wane ne, wancan shi ya faɗa rami har wandonsa ya yage.

Wurin da ya fi so shi ne gindin kukar. Masu tsere ta hagun kukar suke shiga, kamar yadda kowa ke bin hagu a hanya a wancan zamani, su zagaya ta bayanta, su fito ta dama. Kafin su fito gudunsu ya ragu, sun karkata, fuska a murtuke. Wannan fitowar yake so. Don haka sai ya durƙusa a ɓangaren dama, ya fuskanci bayan kukar, ya juya wa hanyar da suke tahowa baya. Ya sha gaya mini cewa da zarar ya sunkuya a kan akwatin nan, ba ya ganin komai a duniya sai abin da ke ciki, ko saniya ce ta taho ba zai sani ba.

Shi ya sa ya nemi mai riƙon riga. Aikinsa ɗaya ne: ya tsaya a bayan mai hoto, ya riƙe masa riga, idonsa a kan hanya, in ya ga wani abu ya nufo su ya fizge shi. Ƙanena Idi, da ke zaune tare da mu, shi aka ba. Ni da hannuna na ɗinka madauki mai ƙarfi a bayan rigar Malam don hannu ya sami wurin kamawa. Shekara tara Idi yana wannan tsayuwa. Abokansa na can kan tudu suna ihu suna tsalle, shi yana riƙe da rigar wani. Har tsokanarsa suke yi, wai ga jelar mai hoto nan. A shekara taran nan kuwa ko sau ɗaya bai taɓa jan rigar ba, domin ba abin da ya taɓa nufo su.

Sai shekarar da gwamnati ta ce a koma tuƙi ta hannun dama. Mun ji a rediyo, an yi ta shela. Mu a ƙauye ba mu da kwalta, jaki da amalanke ba su san hagu da dama ba, ba wanda ya kawo a ransa cewa maganar ta shafi kukar bayan gari. Amma samarin Gaya sun shafe watanni direbobi suna yi musu tsawa a hanya, har hannunsu ya saba da dama.

Ranar tseren, wani yaron Toranke ne a gaba tun daga ramuka, abin da aka daɗe ba a gani ba. Idi ya ji ana kiran sunan garinsu, ya saki rigar ya ruga kan tudu don ya gani da kyau. A wurin tudun wani saurayin Gaya mai suna Ɗanlami ya wuce kowa. Ya nufi kukar a guje, hannunsa ya kai shi dama. Malam na durƙushe yana jiran mutum ya fito ta bayan itace, keken ya same shi ta baya da cikakken gudu.

A amalanke aka kawo mini shi. Na ji ihun ya yanke tun kafin su iso, na san ba lafiya ba. Haƙarƙari uku suka karye. Mai ɗori ya yi aikinsa, bayan wata biyu ya tashi, amma ƙirjin bai sake zama nasa ba. Tari ya kama shi, fartanya ta gagare shi, ya yi shekara biyar a haka. Na san ajali na Allah ne, ba na jayayya. Amma ni ce na yi jinyarsa, na san daga ranar da ya fara tafiya.

Bai taɓa ganin laifin kowa ba. Ɗanlami ya zo yana kuka, Malam ya ce masa, "Kai doka ka bi, ni ne ban bi ba. Tashi ka goge fuska." Da na kawo maganar Idi kuwa cewa ya yi, "Shekara tara yana tsaye a banza a ganinsa. Ke da za ki iya?" Ni ban iya yafewa kamar shi ba. Bayan rasuwar, Idi ya koma Gafasa ya yi aure can. Muna gaisawa, muna zuwa suna da ta'aziyya, amma ban sake zama da shi mun yi hira ba, shi ma bai sake ɗaga ido ya dube ni sosai ba. Haka muka tsufa.

Yanzu ga Maisuna. Malamin firamare ne, da matarsa da 'ya'ya biyu, bai taɓa ganin kakansa ba, amma ciwon nan na ɗaukar masu keke ya taso masa shi kaɗai. Shi ma ba wanda ya sa shi. Kwanan baya ya zo ya zauna kusa da ni ya nuna mini a wayarsa. Kekunan yanzu ƙanana ne, yaran kuma ba sa jin tsoro. Na ga ɗaya ya tashi sama, tayar ta taho kamar za ta fito daga wayar ta same ni, har na kauce.

Na ce, "Kai kana ina lokacin da ka ɗauki wannan?"

Ya ce, "A ƙarƙashinsa mana, amarya. In ba a nan ba ai ba ya kyau."

"Wa ke bayanka?"

"Bayana? Allah."

"Allah na bayan kowa. Na ce wane ne ke riƙe da kai?"

Ya yi dariya ya ce, "Tsohuwa, kishi kike yi kada wata ta riƙe mijinki? Kwantar da hankalinki, ke kaɗai ce."

Na ce masa ni na gaji da takaba, ɗaya ta ishe ni. Dariyar ta tsaya, ya ce zai nemi wani. Ya nema kuwa, ban ce bai nema ba. Abokan nasa kowa ya ce shi ma yana so ya ɗauki nasa a tasa wayar. Masu shirya tseren sun ce za su ba shi ruwan sanyi da man babur, sun kuma ce ana yaba masa ƙwarai. Na gode musu. Amma ruwan sanyi ba ya ganin keken da ya kuɓuce.

Ina yawan tunanin abin da Malam zai ce da ya ga wannan zamani. Na san zai yi murna. Mutumin da yake jiran mako biyu bai san ko hoton ya fito ko ya ƙone ba, a ce yanzu kana ɗauka kana gani, har da motsi da murya? Da ya karɓe wayar nan ba mai ƙwace ta. Amma ina jin da ya ɗaga kai ya ga taron mutane kowa ya sunkuya a kan abin hannunsa, zai tambaya, to a cikinku wa ke kallon hanya? A zamaninsa mutum ɗaya ne ba ya gani, sauran duk suna gani, aka kuma yi abin da aka yi.

Shekaranjiya da hantsi adaidaita sahu ta tsaya a ƙofar gida, sai ga Idi. Safiya ce ta kai masa labari ban sani ba. Ya tsufa, ya rame, sanda yake dogarawa. Muka gaisa, ya zauna a bakin tabarma.

Ya ce, "Yaya, na ji ana neman mai riƙon riga."

Na ce, "Ana nema."

"Zan je."

Na dubi hannunsa a kan sandar. Na ce, "Idi, da wane ƙarfin? Yaron nan ya yi biyunka."

Ya ce, "Ƙarfin ja ban sani ba, Yaya. Amma ko sunan wa aka kira, ba zan saki ba."

Na sa aka dama masa fura, ya sha, muka zauna har azahar. Rabon da mu yi irin wannan zama tun Malam na da rai. Da zai tafi na ce masa na amince, ya je.

Idan na auna abin da ya rage na Malam, ba shi da yawa. Hotunan da ya bari a gida gara ta cinye mafi yawansu. Waɗanda ya raba wa mutane ban san inda suke ba, masu su ma sun tafi. Kukar ta faɗi tun tuni, an yi gona a wurin. Akwatin hoton na sa an ba da shi bayan sadakar arba'in, domin ban iya kallonsa. Abin da ya saura shi ne son wannan aiki da ya ɓullo a jikin jikansa, da wani tsoho a Gafasa da ya ɗauki wuni ɗaya a ransa fiye da rabin rayuwarsa. Na farkon ba zan hana shi ba, domin aikin kirki ne, yaran ƙauye ma sun cancanci a gan su. Na biyun kuwa ni na taimaka wajen yi masa nauyi, Allah Ya yafe mini.

Saboda haka roƙona ga mutanen Gaya da Ajingi da duk inda ake irin wannan wasa. Mai ɗaukar 'ya'yanku kyauta yana buƙatar mutum ɗaya da zai haƙura da daɗin kallo ya tsaya masa. Aiki ne da ba a yabo, za ka yi shekaru kana ganin a banza kake tsaye. Ranar Asabar, idan kun je ramin nan, za ku ga wani tsoho mai sanda a bayan mai ɗaukar hoto, yana riƙe masa riga. Ina roƙon wani mai ƙarfi a cikinku ya sa wayarsa a aljihu, ya je ya tsaya kusa da shi, ya kama ɗaya gefen rigar. Amma don Allah kada wanda ya ce wa tsohon ya koma inuwa ya huta. Ku bar shi ya riƙe.