Almakashin Hajja Achta

Shekara talatin Hajja Achta ta yi tana ɗinki a kasuwar Guider, kuma ita kaɗai ta iya da ni. Teloli uku sun kore ni kafin ita, don da na ga atamfa sai in danna mata almakashi ban ko auna ba. Kowa cewa yake rashin tarbiyya ne.

Ranar da na ɓata leshin wata mata, Hajja ba ta zage ni ba. Almakashin ta ɗauka ta rataye a rumfar mai goro, tsallaken titi.

"Sa'adiya, duk sanda za ki yanka, je ki ɗauko," in ji ta.

Haushi kamar ya kashe ni. Amma kafin in je in dawo, na tuna da awo.

Bara likita a Garoua ya ce larurar TDAH, wato ta rashin natsuwa da garaje, gare ni: gaban ƙwaƙwalwa ne ke taka wa mutum birki, nawa kuwa ba ya ci da wuri. Hajja ba ta taɓa shiga lakwal don karatun boko ba, amma ta riga shi gani.

Allah ya jiƙanta. Har yau almakashina na wurin mai goro.