Ta Bar Mini Wayarta

Aikina a ofishin nan shi ne karɓar wayoyin ɗalibai kafin su shiga ganawa da malamai. Na yau masu digiri ne da ake shirya wa karatun digiri na uku a kan cutar mantuwa ta tsofaffi. Yawancinsu matasa ne, sun haɗa kai suna bitar tambayoyi suna dariya.

Ita kuwa tana can ƙarshen benci ita kaɗai. Za ta kai shekara arba'in. Mayafinta ya sha guga, amma takalminta ya gaji, ga makullai huɗu rataye a wuyanta. Takardunta na kan cinya, ko kallonsu ba ta yi. Hankalinta na kan waya.

Da kira ya shigo, sai ta juya wa mutane baya.

"Baba, ni ce, autarka." Ta saurara jim. "To, na ji, ni ce Inna. Ka sha maganin, ina nan tafe."

Ina jin ba a littafi ta fara wannan karatu ba. Wataƙila 'yan'uwa sun watse, an bar ta da tsoho.

Da layi ya zo kanta, na kira ta. Ta miƙo mini wayar, amma ta kasa saki.

"'Yar'uwa, in ya sake kira, don Allah ki ɗauka. Ki ce kina hanya. Ba ya tambayar ko wace ce, murya kawai yake so."

Tana shiga, wayar ta fara ƙara a hannuna.