Haƙorin Farko na Tobías

Duk wanda ya taɓa jiran mota a bakin kasuwar Suchitoto ya san Doña Herminia mai pupusa, wainar masarar ƙasar El Salvador. Tun tana budurwa take gaban kaskon nan, tana maƙa ƙullun masara da cuku, kuma da shi ta raini 'ya'ya shida bayan rasuwar mijinta. Matan unguwa kan kawo mata jarirai ta duba, ita kuwa ba ta taɓa cewa ban sani ba.

Da autarta Maritza ta haifi Tobías, sai ga uwar miji, Doña Leonor, ta tattaro kaya daga San Salvador wai ta zo taya reno. Mace ce mai sanyin murya da ƙamshin turare. Abin da ya fi ci wa Herminia rai shi ne yaron na ganin Leonor sai ya miƙa hannu yana dariya.

Yana wata shida ya fara dalalar da yawu, yana cusa duk abin da ya samu a baki. Herminia ta wanke lawashi ta ba shi ya tauna. Leonor ta zare shi a hankali, ta sa masa zoben roba mai sanyi daga firiji.

"Da lawashin nan uwarsa ta yi haƙori," in ji Herminia.

"Ai na gani, haƙoran nata ma masu kyau," Leonor ta amsa tana murmushi. Murmushin ya fi zagi ciwo.

Wata safiya jikin yaron ya yi zafi rau, ya ƙi nono, yana ta jan kunne.

"Haƙori ne, Maritza. Kar ki wahalar da shi a rana," in ji Herminia.

"Doña Herminia, haƙori ɗan ɗumi yake kawowa, ba wannan wutar ba. A kai shi asibiti," in ji Leonor.

Maritza ta dubi uwarta, ta dubi surukarta, sannan ta ɗauki jaka. "Mamá, yi haƙuri, bari dai a duba."

Likita ta ce ciwon kunne ne, haƙorin kawai ya zo lokaci ɗaya da shi. Aka ba da magani, yaro ya warware. Herminia ta yi murna har cikin ranta, amma ta ɗauke ƙafa daga gidan. Abin da ya tsaya mata a wuya, 'yarta ta cikinta ta bi maganar wata a gabanta.

Ranar Talata Maritza ta biyo ta kasuwa, ta ajiye wa uwarta yaron a cinya za ta sayo tumatir. Tobías ya cafke yatsar kakarsa ya gartsa mata cizo. Herminia ta ji wani abu mai kaifi kamar ƙwayar shinkafa a dasashinsa na ƙasa. Hawaye ya cika mata ido. Amma da Maritza ta dawo, fushi ya hana ta magana. Ta ce a ranta, wannan nawa ne, su sai su jira.

Ran Lahadi dangi sun taru cin abinci bayan coci, har da Herminia, Leonor na ba wa Tobías ayaba, cokali ya yi ƙas.

"Haƙori! Ku zo ku gani!"

Gida ya kaure da shewa. Wanda ya fara gani shi ke yi wa yaro kyauta, don haka Leonor ta sayo masa takalma farare, aka yi ta ɗaukar su hoto.

"Tun Talata na sani," in ji Herminia.

Surukinta Ovidio, mijin Maritza, ya fashe da dariya. "Haba Doña, ki sani ki yi shiru? Ke?"

Babu wanda ya yarda. Yanzu Tobías ya shiga makaranta, yakan biyo ya ci pupusa biyu kafin ya wuce gida. Herminia kan nuna shi ga masu jiran mota ta ce ita ya fara cizo. Takalman nan kuwa, ta ce, tun ranar farko sun matse shi.