Gidan Jaki

Kwanan baya jikana ya ɗauko ni a mota za mu Katsina a duba min ido, sai taya ta sace a bakin Batsari. Mai faci ya zo da wani ɗan guntun ƙarfe ja da bai fi kwalbar manja ba, ya tura shi ƙarƙashin motar, yana danna shi da hannu ɗaya yana amsa waya da ɗayan. Mota ta tashi da mu a ciki. Ba tashin motar ne ya taɓa ni ba, ƙarar da ƙarfe ya yi lokacin da ya ciji ƙarfe ce, ƙas! Na ce da jikan nawa ya buɗe min ƙofa in fita. Ya ɗauka zafi ne ya dame ni, na bar shi a haka.

A ƙauyenmu, can tsakanin Batsari da Safana, har gobe Gidan Jaki ake ce wa gidanmu. Yaran yanzu sun ɗauka fataucin jakuna kakanninmu suka yi. Jaki ɗaya tal muka taɓa mallaka, shi ma tsoho mai gyambo a baya. Bari in gaya maka inda sunan ya samo asali, tunda waɗanda suka laƙaba mana shi duk sun kwanta dama, ba wanda ya taɓa cewa mu yi haƙuri.

Babana maƙeri ne, haka ubansa, wanda muke kira Kaka. Na tashi da warin gawayi a hanci da numfashin zuga-zugi a kunne. Da bazara, in hadari ya fara haɗuwa a gabas, ƙofar maƙerarmu kan cika da manoma, wannan da garma, wancan da hauyar da bakinta ya cinye. Da damina Baba ya rufe maƙera ya shiga gona kamar kowa. Yayana, babban ɗansa, ya fara riƙe masaba ke nan, har Kaka yana yaba dukansa, shi da bai iya yabo ba.

Zamanin Turawa ne. An sare hanyar mota da aikin tilas, ta ratsa wani rafi a gabas da gari. Da rani rafin nan yashi ne mai haɗiye taya, da damina laka. Motar gyaɗa, motar En'e ta hukumar Sarki, motar Bature mai rangadi, duk wadda ta zo sai ta nutse har ƙugu, wato ƙarfen nan da ke riƙe da tayoyi, wanda direbobi ke ce wa aksul. Suna da ɗan abin ɗagawarsu mai murɗawa, amma in ƙugu ya kwanta a ƙasa ba shi da wurin shiga. Sai yaron Dagaci ya bi gonaki yana kwaɗa kira, maza su yar da hauya su taho. A kawo gungume a ajiye, a ɗora doguwar sandar itacen kirya a kai, a cusa bakinta ƙarƙashin mota, majiya ƙarfi su rataya a ɗaya bakin har taya ta ɗaga. Sannan a nemi saurayi siriri ya ja ciki ya jera duwatsu a ƙarƙashin tayar. Yayana siriri ne.

Ranar ina bakin rafi da ƙwaryar fura na kai wa Baba. Kiryar ta jiƙe, ta sulluɓe daga kan gungumen, motar ta dawo ƙasa, Yaya na ƙarƙashinta. Ban ji kukan Yaya ba, na dai ga Baba yana tonon laka da yatsu kamar mahaukaci. Baturen da ke zaune a gindin marke ya taso ya leƙa, ya faɗi wata magana, tafinta ya ce wai yana yi mana sannu. Daga nan aka koma kan kirya, don motar ba ta riga ta fita ba.

Maɗori ya yi iya yinsa, amma hannun dama ya warke a dunƙule, yatsun ba sa buɗewa. Yaya ya daina zuwa maƙera, ya daina zuwa dandali. Kullum yana zaure, hannun a cikin riga. Baba kuwa ya rantse a gaban Inna cewa muddin yana numfashi ba za a ƙara kiran ɗansa aikin mota ba, kuma ba ɗan kowa da zai ƙara shiga ƙarƙashinta da ransa a hannun jiƙaƙƙen itace.

Duk ranin shekarar a kan abu ɗaya Baba ya ƙare, ƙera ƙarfen da zai ɗaga mota a madadin kirya. Ya samo karyayyun ƙarafan mota a wurin wani direba, ya ƙera masa wuƙaƙe a madadinsu. Na farkon da ya haɗa, ƙafarsa ta nutse a yashi tun kafin ya ɗaga komai. Sai ya buga masa faffaɗan tafi irin na raƙumi. A kan tafin ya kafa ginshiƙi mai huji-huji daga ƙasa zuwa sama, ya yi ƙusa mai kauri da ake zarewa a mayar duk hujin da ake so, ƙasa in mota ta nutse sosai, sama in babba ce mai tsayi. A kan ƙusar nan dogon hannu ke lilo, bakinsa gajere mai gwafa don ya rungumi ƙugun mota. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne harshe, wani ɗan ƙarfe da ke faɗawa cikin haƙoran da ya yanka. In ka danna hannu mota ta ɗaga, harshen ya faɗa, ƙas, ya riƙe. Ko ka saki ka tafi sallah, motar na nan a sama. Ranar da harshen ya fara kamawa Baba ya shigo gida yana dariya, har ya ɗaga ni sama, ni da na wuce ɗauka.

Saura nauyi da tsawo. Hannun ya fi ƙofar zaure tsayi, ƙato biyu ke ɗaukarsa da ƙyar. Baba ya ce zai raba shi biyu ya yi masa gaɓa, ya sa zoben ƙarfe da za a ja ya rufe gaɓar in an miƙe shi, ginshiƙin ma ya riƙa kwanciya a kan tafin. Ta haka duk abin zai ninke ya hau jaki.

Kaka idonsa ya riga ya yi rauni, da hannu yake duba aiki. Ya shafa ƙarfen tun daga tafi har gwafa.

“Kada ka sa shi ninkewa,” in ji shi. “Bar shi da nauyinai, a kai shi bakin rafi a aje.”

“Tsatsa ta cinye shi, ko a sace,” in ji Baba.

“A sace ɗin. Ni dai na san mutanen ga tun kana goye.”

Baba bai ji ba. Ina son ubana, amma gaskiya ɗaya ce, gaɓar nan ta shiga ransa. Babu maƙerin da ya taɓa yin irinta a ƙasar nan, kuma yana so a gani.

Aka gani kuwa. Farkon damina motar En'e ta nutse, yaron Dagaci ya fara kira, sai Baba ya ce kowa ya tsaya a gonarsa. Ya koro jaki da kaya a kan akumari, ya sauke, ya miƙe hannu, ya ja zobe, ya zaɓi huji. Ba wanda ya tsaya a gona, duk gari na bakin rafi, har Dagaci. Baba ya waiga ya hango Yaya can bayan mutane, sai ya kira shi.

“Zo ka danna. Ko mai hannu ɗaya ya iya shi.”

Yaya ya taho yana sunkuyar da kai, ya kama da hagu, ya ɗora ƙirjinsa ya danna. Ƙas. Ya ƙara. Ƙas. Taya ta fito daga laka, mutane suka ɗauki kabbara, mata suka yi guɗa. Na ga Yaya ya yi murmushi, na farko tun ranar rafi. Don murmushin nan Baba ya yi maganar, na sani, amma Dagaci ma ya ji ta.

Direban ya zagaya abin yana kaɗa kai, ya ce, “Kai, maƙeri ya ƙera jak!” Mu ba mu taɓa jin kalmar ba. Yaron Dagaci ya ce, “Mi? Jaki?” Aka fashe da dariya, Baba ma ya yi.

Labari ya kai wa Hakimi, daga can ya kai inda ya kai. Tunda abu na ninkewa ya hau jaki, kuma mutum ɗaya ya isa, me zai sa a tara gari? Sai saƙo ya fara zuwa. Mota ta kafe a hanyar Ruma, a kai jaki. Motar Bature ta faɗa rami wajen Tsaskiya, a kai jaki. Wata ta kwanta kusa da Darini, maza a kai jaki. Aikin Gwamna ne, ba a cewa a'a, ba a kuma tambayar lada. Baba ya tafi yau, sai jibi ko gata ya dawo ƙafafu a kumbure, kafin ya gama kunya ɗaya a gona wani ɗan aike na ƙofar gida. Da rani motocin gyaɗa suka karɓa, masu garma suka gaji da jira suka koma wurin wani maƙeri a Safana. Toka ta yi sanyi a maƙerarmu, kaji suka fara ƙwai a gindin zuga-zugi.

Bature ban riƙe shi sosai ba, baƙo ne, bai san sunan kowa ba. Mutanen garinmu na riƙe. Shekarar farko sun yi mana gayya sau ɗaya, suka nome rabin gona. Shekara ta biyu kowa ya ce aiki ya yi masa yawa, alhali Baba ne ya sa ba a ƙara tashinsu daga gonakinsu ba. Suna duƙe cikin geronsu da ya yi baƙi ƙirin don kyau, in ya wuce sai wani ya ɗago ya ce, “Ga jakuna ukun Gwamna nan tahe, na ƙarhe, da mai ƙahwa huɗu, da mai biyu.” A bakin rijiya 'yan mata suka koma kirana 'yar jaki. Na fasa wa wata tulu a kai saboda haka, kuma ko yau aka maimaita zan sake.

Da rumbu ya kai ƙasa tun kafin shuka ta yi bunni, Inna ta tare Baba a tsakar gida. Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar.

“Malam, ka narka abin ga ka yi hauyu da shi. Ka ce ya karye.”

“In na narka shi, kirya za a koma,” in ji Baba. “Wa za a tura ƙarƙashi?”

Inna ta dubi zaure inda Yaya yake. Baba ya ɗaura akumari ya fita.

A wata damina mai yawan ruwa ya yini cikin rafi har ƙirji wajen Ruma, ya dawo da tari da ciwon haƙarƙari. Jakin ne ma ya kawo shi gida, yana kwance a kan ƙarfen. Bai tashi ba. Aka kai shi makwancinsa, maza suka cika ƙofar gida, har da masu ba'ar nan, kowa na cewa mutumin kirki ne.

Ba a tashi daga zaman makoki ba yaron Dagaci ya zo. Ya durƙusa, ya yi ta'aziyya doguwa yadda ya kamata, ya shafa fatiha. Sannan ya gyara murya ya ce motar Bature ta kafe a hanyar Safana, an ce a kai jaki.

“Ga shi can, ɗauka,” in ji Kaka. “Kada ka maido shi.”

Yaron ya ce, “Kaka, ni ban san kan hujinai ba. Ai marigayi da bakinai ya ce ko mai hannu ɗaya ya iya shi.”

Maza cike da tabarmi, masu hannu bibbiyu, kowa ya sa ido a ƙasa. Ina leƙe ta bakin zaure ina jira ko mutum ɗaya zai ce shi zai je. Yaya ya miƙe, ya fito da dunƙulallen hannun daga riga, ya tallafi ƙarfen da shi ya ɗora wa jaki, ya kama igiya da hagu. Haka ya yi ta bin hanyoyin nan har Turawa suka tafi, har aka gina gada a kan rafin.

Yanzu babura ne suka fi bin hanyar, kuma abin da ake tsoro a cikinta ba laka ba ce. Ƙarfen kuwa Yaya ya rarraba shi da kansa kafin ya rasu, tafin kawai ya rage, a kansa jikokinsa ke fasa goruba. Da mai faci ya gama ranar, ya sauke motar ya jefa abinsa cikin buhu, sai jikana ya ce, “Kaka, kin ga sauƙin zamani ko? Da hannu ɗaya ya ɗaga mu.” Na ce masa na gani, ya ja mota mu tafi.