Turaren Yayata

Farkon dawowar mulkin farar hula, kullum nakan hau bas daga Kubwa zuwa ofis hancina a toshe, goshina yana sara kamar zai tsage. Yayata, mai sayar da turaren wuta, ta ce shafar aljanu ce, in riƙa turara ɗakina safe da yamma. Shekara biyu cur ina saya a hannunta! Da likita ya duba ni, sai ya ce hayaƙin turaren ne jikina ba ya so.

Na je na gaya mata raina a ɓace. Ko ɗago kai ba ta yi ba, tana ta cika kwalabenta, ta ce, "Ai ni ma shi ya sa tuntuni na daina kunna shi a ɗakina."