Na'am Ɗin Ango

Kafin in shiga siyasa malamin firamare ne ni, kuma cikin abubuwan da na daɗe ina koya wa 'ya'yan mutane har da cewa shida ta fi biyar. Ban taɓa samun ɗalibin da ya yi mini gardama ba. Sai da aka zaɓe ni shugaban majalisar kansiloli a ƙaramar hukumarmu na fara shakkar wannan darasi, kuma har yau ban gama warkewa ba.

Mu goma sha ɗaya ne, kowa da mazaɓarsa: shida 'yan jam'iyyarmu, biyar 'yan adawa. Sai dai a ƙa'idar zama, shugaba ba ya jefa ƙuri'a sai an yi kunnen doki. Wato da na hau kujerar nan mai dogon baya, sai shidanmu suka koma biyar a ƙasa, suna hararar wasu biyar. Kowace magana sai ta tsaya biyar da biyar, sannan a juyo a dube ni in raba gardama. Lida suke kirana. Aikin Lida kuwa, yadda na fahimce shi, shi ne ya tabbatar babu ɗaya cikin mutanensa da ya yi zazzaɓi, ko ya tafi jana'iza, ko babur ɗinsa ya mace a hanya ranar zama.

Shekarun nan ne da buhun taki ya gagari talaka, fetur sai a galan a bakin titi, kason da ake turo mana daga sama kuma ya riƙa isowa kamar tsokar da ta ratsa gidaje da yawa. Fankar zauren majalisa ado ce kawai. Kowa da maficinsa yake zuwa.

Ƙa'idojin zaman da muka tarar da Turanci suke, rabinmu kuwa Turancinsu bai wuce na gaisuwa ba. Ni aka ba aikin mayar da su Hausa, tunda ni ne malami. Inda na fi daɗewa shi ne kalmar da kansila zai faɗa in akawu ya kira mazaɓarsa a lokacin ƙuri'a. Ta ƙin yarda ba ta ba ni wahala ba, "a'a" ce. Ta yarda ce ta hana ni sakat. Na fara rubuta "to", na soke, don Bakano yana iya ce maka "to" yana nufin ya yarda, yana iya faɗinta yana nufin za ka gani. "Eh" kuma na ga ta yi kama da amsar yaron da aka tambaya ko ya ci tuwo. Sai na zaɓi "na'am". Tana da asali a Larabci, tana da kwarjini, ta dace da zauren da ake shiga da sandar majalisa a gaba. Har yanzu ina ganin zaɓi ne mai kyau, duk da abin da ya biyo baya.

Autanmu a jam'iyya shi ne kansilan Ƙetare, wato ƙauyukan da ke hayin rafi. Saurayi ne mai baki, in ya miƙe sai na buga tebur yake zama. Babban 'yan adawa kuwa wani Alhaji ne dillalin gyaɗa, dattijo marar yawan magana, wanda in ya ce "a'a" sai ka ji kamar an rufe ƙyauren zaure. Alhaji yana da 'ya, malama a makarantar da na taɓa koyarwa. Ita da autanmu suka ga juna suka daidaita, ba wanda ya tuntuɓi jam'iyya. Da yake mahaifin yaron ya rasu, ni aka sa wakilin ango. Da bakina na ce mun karɓa, na ci goro, na yi addu'ar zuri'a ɗayyiba. Ban san rinjayena nake miƙawa ba.

Zaman farko bayan biki, Ango (sunan da ya bi shi ke nan tun daga ranar) ya iso ƙofar zaure, ya hango Alhaji a zaune, sai ya tuɓe takalmi. Ya shigo a sunkuye, ya durƙusa ya gaida shi, ya lallaɓa can kujerar ƙarshe ya zauna a gefenta kamar ta aro ce. Mutumin da a da sai na buga tebur, ranar ko tari bai yi ba. Da aka zo ƙuri'a kan gyaran rufin zauren, akawu ya kira Ƙetare, sai muka ga kujera babu kowa. Wai ya zaga. Huɗu da biyar. Rufin ya ci gaba da yoyo bisa doka.

Wani ɗan adawa mai shegen baki, wanda ke sayar da kayan babur, ya leƙo ni yana fifita.

"Lida, Allah Ya sa alheri. Mun ba ku amarya, kun ba mu kansila. Wa aka cuta?"

Shugaban jam'iyyarmu bai ga abin dariya ba. Ya tare ni a bakin sakatariya.

"Malam, ba ku shida ba ne?"

"Mu shida ne, ranka ya daɗe."

"To ina na shidan? Sheƙa ya sauya?"

"Bai sauya ba."

"Saye shi suka yi?"

"Ko kusa."

"To me ya yi?"

"Aure."

Ya juya ya yi tafiyarsa. Na koma gida na bincike ƙa'idojin nan da na fassara da hannuna, daga farko har ƙarshe. Sun yi maganar wanda ya mutu, da wanda ya haukace, da wanda ya bar jam'iyya. Ba su san suruki ba.

Da a kan rufi abin ya tsaya, da sauƙi. Amma a bazarar nan aka sanar da mu cewa kuɗin da ke ƙasa aiki ɗaya kawai zai yi. Mu muka ce kwalbati a mashigin rafin Ƙetare. Rafin nan da rani yashi ne, yara na wasa a ciki, amma in damina ta yi tsakiya sai ya raba mutanen hayi da asibiti da kasuwa. Amalanke ta sha kafewa a ciki da kayanta, kuma daminar da ta wuce a kan ƙyaure aka haye da wata mai naƙuda. 'Yan adawa suka ce rumfunan kasuwa a mazaɓar Alhaji, kuma Alhaji da kansa ya miƙe ya kawo maganar. In ƙudirinmu ya faɗi, nasu ya wuce, Ƙetare ta sake damina a tsibiri.

Na hau keke na iske Ango a gonarsa yana baza takin gida. A gona bakinsa lafiya lau.

"Ango, kwalbatin nan na mazaɓarka ne. Mutanenka suka aiko ka."

"Haka ne, Malam."

"Kalma ɗaya ce fa. Ba a ce ka miƙe ba, ba a ce ka dube shi ba. Ka sunkuyar da kai ka faɗa wa ƙasa."

"Malam, yana zaune fa. Shi ya kawo maganar rumfuna. In na ce na'am ga kwalbati, ai a'a na ce masa, a gaban mutane. Ni da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba."

"To ka ce a'a mana, mu san inda muka kwana."

"Subhanallahi! In koma Ƙetare da wace fuska?"

"To me za ka ce?"

Ya dogara da shebur, ya dubi gabas.

"Allah Ya kai mu, Malam."

Daga nan na wuce gidan Alhaji, na same shi a zaure bayan la'asar. Ya tambaye ni iyali, ya tambaye ni zafi, ya ba ni labarin yadda gyaɗa ta yi a kasuwar Ɗanbatta. Da ƙyar na samu na tsoma maganata.

"Alhaji, yaron nan kunyarka yake ji."

"Ɗan halak ne."

"Ko za ka ce masa ya yi abin da ya ga ya dace?"

"Malam, kai ne mai ilimi. Yaya zan ba da izinin abin da ban hana ba? Kuma da wane baki zan yi masa maganar? Ni ma ai ina da kunyarsa."

Na tashi ina neman takalmina, sai ya ce, kamar wanda ya tuna wani abu marar muhimmanci, "Wai rafin nan har yanzu yana cin amalanke?"

Na ce yana ci.

Ya ce, "To."

Irin "to" ɗin nan ce da na soke daga ƙa'ida. Na yi ta juya ta a kan keke har gida, ban samo kanta ba.

Ranar ƙuri'a hadari ya taso tun hantsi. Mutanen Ƙetare sun cika tagogi, har da tsofaffin da ban taɓa gani a sakatariya ba. Ango ya zo, takalminsa a bakin ƙofa, shi kuma a gefen kujerar ƙarshe. Wannan karon ba halin zagawa, don kawunnansa ne a tsaye a hanyar.

Akawu ya fara kiran mazaɓu. Namu huɗu suka ce na'am. Alhaji ya rufe ƙyaurensa, sauran huɗun suka bi shi da a'a. Saura Ƙetare. A ƙa'ida sau uku ake kira, in ba amsa a wuce. Akawu ya kira, shiru. Ya sake kira, ba ka jin komai sai mafitai. Na dubi Ango, Ango ya dubi yatsun ƙafarsa. Akawu ya ja numfashi ya kira na uku.

Bai rufe baki ba sai Alhaji, ba tare da ya waiwaya ba, ya ce, "Kai, ɗan nan."

"Na'am, Baba!"

Da ƙarfi ya faɗe ta, har ya zamo daga kujera ya durƙusa. Akawu, wanda kansa ke sunkuye a kan takarda, ya ce, "Ƙetare, na'am. Biyar da biyar." Sannan ya ɗago ya ce, "Lida?"

Ni a lokacin hankalina yana can wajen Alhaji, ina ƙoƙarin gane abin da ya faru. Na ji dai an kira ni. Na ce, "Na'am?"

"Shida da biyar," in ji akawu. "Ƙudiri ya wuce."

Tagogi suka ɗauki kabbara. Mai kayan babur ya yi tsalle ya miƙe, maficinsa ya faɗi.

"Wallahi ba mu yarda ba! Wannan na'am ɗin kira ce! Surukinsa ya amsa wa!"

"Ƙa'ida cewa ta yi na'am," in ji wani namu, "ba ta ce ta wa ba."

"Shi ma Lida tambaya ya yi! Kowa ya ji yadda ya ja ta sama!"

"A takarda ba a jan ta sama, Onarabul."

Duk suka juyo kaina, tunda ni na rubuta ƙa'idar. Na buga tebur, na yi abin da malami ke yi in tambaya ta fi ƙarfinsa, wato na mayar da ita kan ɗalibi.

"Kansilan Ƙetare, wa ka amsa wa? Akawu ko Alhaji?"

Ango yana durƙushe. In ya ce akawu, ya yi wa surukinsa a'a a bainar jama'a. In ya ce Alhaji, kawunnansa na taga. Ya zaɓi yatsun ƙafarsa. Sai na juya ga dattijon.

"Alhaji, me ya sa ka kira shi?"

Ya ɗan yi fifita kafin ya amsa.

"Hadari na gani. Takalminsa na waje, kar ya jiƙe."

Mutanensa huɗu suka zuba masa ido. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Ni a'a na ce. Akawu, ba ka rubuta ba?"

Akawu ya ce ya rubuta. A daidai nan ruwan ya sauko, kuma da yake rufin da muka kasa gyarawa a kan teburin akawu ya fi yoyo, sai ya rungume takardunsa ya nemi a ɗage zama. Na ɗage. Takalmin Ango kuwa ya jiƙe sharkaf, don ba wanda ya tuna da shi.

An yi ta kai ƙorafi sama, amma a shekarun nan ba wanda ke da man da zai ƙona ya zo ya binciki kalma ɗaya. Aka zuba kwalbati a gurguje, ya sha iska kafin marka. Daga baya 'yan adawa suka kawo ƙudirin a sauya kalmar zuwa "na amince". Ranar Ango ya samu hanyar zagawa, suka ci biyar da huɗu, kuma da kalmar na'am ɗin da na zaɓa suka kashe ta.

Shugaban jam'iyya ya riƙa nuna ni a taro yana cewa ga Malam mai dabara, shi ya shirya komai. Na musa sau ɗaya, na ga musun ƙara mini suna yake yi, na bari. Gaskiyar ita ce a cikin na'am biyun da suka gina kwalbatin nan, ban san ma'anar ta Ango ba, kuma tawa ma ba zan rantse a kanta ba.

A tsakiyar markar nan, rafi ya cika har yana taɓa bakin siminti, aka haye da matar Ango a mota zuwa asibiti, ta sauka lafiya. Kwanaki bayan suna na haɗu da Alhaji a kan kwalbatin, yana dawowa daga hayi. Ya tsaya yana ƙwanƙwasa gefensa da sanda, ruwa na wucewa a ƙarƙashinmu ja wur.

"Siminti ya yi kaɗan," in ji shi. "Da rumfuna aka yi, da ya fi."

Na ga daga ni sai shi, ba jam'iyya ba taga. Na matsa kusa.

"Alhaji, don Allah, ranar nan, da gaske takalmin ne?"

Ya kai hannu bayan kunne, ya karkato kai wajena, ruwan na ta ƙara.

"Na'am?"